Ibrahim Gambari: Daga Ajin Zariya Zuwa Teburin Sulhun Duniya

Farfesa Ibrahim Agboola Gambari yana cikin 'yan Najeriya ƙalilan da suka taɓa harkar jakadanci ta kowace kusurwa. Ya koyar da ita a Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya kusan shekara 10. Daga nan Majalisar ta ɗauke shi aiki, ta riƙa aika shi inda wuta ta tashi, tun daga 1999 har 2012. Ya kuma rubuta littattafai a kan yadda ƙasa ke tsara hulɗarta da waje.

Jakada iri biyu ne. Akwai wanda gwamnati ke turawa ya zauna a wata ƙasa, ya kare muradun ƙasarsa, ya kula da 'yan uwansa da ke can, kamar yadda marigayi Alhaji Magaji Muhammed, mutumin Dutsin-Ma, ya wakilci Najeriya a Saudiyya. Akwai kuma mai shiga tsakani, wanda ake aikawa wurin waɗanda suka riga suka zare wa juna takobi. Shi wannan ba shi da soja nasa, ba shi da baitulmali, ba ya iya tilasta wa kowa. Jarinsa biyu ne: nauyin waɗanda suka aiko shi, da yardar waɗanda ya zo wurinsu. Duk ran da ɗaya ya kuɓuce masa, sai ya koma baƙo mai jiran izini a zaure. Gambari ya fara da kujera ta farko, ya ƙare a ta biyu.

Malami da littafinsa na farko

An haife shi a Ilorin ranar 24 ga Nuwamba, 1944, a gidan sarautar garin. Ya yi sakandare a King's College ta Legas, ya sami digirin farko a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan a 1968, sannan ya wuce Jami'ar Columbia a New York, inda ya kammala digiri na biyu a 1970 da na uku a 1974. Ya koyar a Amurka na wasu shekaru kafin ya dawo gida a 1977 ya kama aiki a Zariya, a zamanin da Samaru ke tafasa da muhawarar su Dokta Yusufu Bala Usman. A 1983 ya zama farfesa.

Maɗaba'ar jami'ar ce ta buga littafinsa na farko a 1980, mai suna Party Politics and Foreign Policy: Nigeria under the First Republic. Littafin ya duba yadda rigimar jam'iyyu a Jamhuriya ta Farko ta riƙa juya akalar hulɗar Najeriya da ƙasashen waje. Tarihin lokacin cike yake da misalai. Yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Birtaniya a daidai samun 'yancin kai ta sha suka daga 'yan adawa da ɗaliban jami'a, har gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A kan Isra'ila kuwa, gwamnatin tarayya ta karɓi rance daga gare ta, jihohin Yamma da Gabas suka yi hulɗa da ita hannu bibbiyu, gwamnatin Sardauna a Arewa ta ce ba ta so. Ƙasa ɗaya, baki uku. Wanda ya fahimci wannan tun yana malami ya san cewa mutumin da ke zaune a teburin sulhu ba shi kaɗai yake magana ba, akwai jama'a a bayansa da yake waiwaye yana dubawa kafin ya ce e ko a'a.

Wata 20 a kujerar minista

Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, Janar Muhammadu Buhari ya ɗauko shi daga shugabancin cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Legas, ya naɗa shi ministan harkokin waje a Janairun 1984. Ya riƙe muƙamin har Agustan 1985, lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya kifar da gwamnatin. Farar hula ne cikin masu kaki, kuma magana ta ƙarshe tana hannun majalisar ƙoli ta soja.

Ranar 5 ga Yuli, 1984, aka sace tsohon ministan sufuri Alhaji Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan, aka same shi a sume cikin akwatin katako a filin jirgin Stansted ana shirin loda shi zuwa Legas. Gwamnatin soja ta ce babu hannunta. Birtaniya ta kori jami'an jakadancin Najeriya, Najeriya ta rama, dangantaka ta yi tsami har 1986. Ma'aikatar Gambari ce ta sha ɗawainiyar share wannan ɓarna. A Nuwambar shekarar kuma Najeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi ta Yammacin Sahara, matakin da ya buɗe hanyar zaunar da ita a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, Maroko kuwa ta yi fushi ta fice daga ƙungiyar.

Da wannan zamani ake danganta tsarin da ya fi shahara da shi, wato a ɗauki muradun Najeriya kamar zobba, wani cikin wani. Na can ciki shi ne tsaron ƙasa da zaman lafiya da maƙwabta, sai Afirka ta Yamma, sai nahiyar baki ɗaya, sai sauran duniya. A takarda tsarin ya sa maƙwabci a gaba. A ƙasa kuwa, gwamnatin ta rufe iyakoki a Afrilun 1984 don canjin kuɗi, ta ƙi buɗewa, ta kuma kori baƙin haure masu ɗimbin yawa a Mayun 1985. Rufewar ta zo daidai da fari, hatsi ya daina tsallakawa ta Jibiya zuwa Maraɗi, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Ba abin mamaki ba ne da littafin da ya rubuta a kan wannan zama, wanda ya fito a 1989, ya sa masa suna Theory and Reality in Foreign Policy Making: Nigeria after the Second Republic, wato abin da ake karantawa da abin da ake tararwa. Shi ne littafinsa mafi amfani ga mai son sanin yadda ake yanke shawara a cikin gwamnati, domin marubucin malami ne da aka ba shi dama ya gwada darasinsa, ya dawo ya ba da labari. Ana iya karanta shi tare da Diplomatic Soldiering na Janar Joseph Garba, wanda ya fito a 1987 a kan zamanin Murtala da Obasanjo. A 1991 Gambari ya ƙara da littafi na uku, a kan ECOWAS, inda ya auna ta da irin waɗannan ƙungiyoyi na wasu sassan duniya.

New York da ranakun Ruwanda

A 1990 ya gaji Janar Garba a matsayin wakilin dindindin na Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya gaji kuma shugabancin kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, kujerar da Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya riƙe kafin Garba. A hannun Gambari kwamitin ya kammala aikinsa a 1994, bayan zaɓen da ya kawo Nelson Mandela mulki. Ya zauna a New York har 1999, ya yi aiki da shugabanni 5: Babangida, Shonekan, Abacha, Abdulsalami da Obasanjo.

A 1994 da 1995 Najeriya tana cikin ƙasashe 15 na Kwamitin Sulhu. Biyar daga cikinsu, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin, kujerunsu na dindindin ne, kuma kowace na iya hawa kujerar na-ƙi ta kashe ƙuduri. Sauran 10 zaɓarsu ake yi na shekara biyu. Shugabancin kwamitin yana zagayawa wata-wata. Ainihin ciniki ba a babban zauren da ake gani a talabijin ake yin sa ba. Akwai wani ƙaramin ɗaki a gefe inda jakadu ke ƙulewa ba 'yan jarida, sai an daidaita a fito a ɗaga hannu.

Ruwanda tana da yarjejeniyar zaman lafiya, wadda aka sa wa hannu a Arusha a Agustan 1993 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen RPF, kuma akwai sojojin Majalisa kimanin 2,500 ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire na Kanada suna gadinta. Ranar 6 ga Afrilu, 1994, aka harbo jirgin Shugaba Juvénal Habyarimana. Washegari aka kashe firaminista da sojojin Beljiyam 10, aka shiga yanka 'yan ƙabilar Tutsi da Hutun da suka ƙi ba da hannu. Beljiyam ta janye sojojinta. Amurka, wadda ta rasa sojoji 18 a Mogadishu wata shida kafin nan, ba ta son jin maganar wani sabon aiki a Afirka.

Najeriya, a madadin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu da ke kwamitin, ta gabatar da daftarin da ke neman a ƙara wa rundunar ƙarfi ta kare farar hula. Daftarin bai kai ga ƙuri'a ba. Ranar 21 ga Afrilu kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 912, wanda ya rage rundunar zuwa mutum 270, kuma duk ƙasashe 15 suka ɗaga hannu, har da Najeriya. Abin da aka iya cetowa shi ne hana janyewa gaba ɗaya. Wani abin takaici, Ruwanda da kanta tana cikin kwamitin a shekarar, saboda haka jakadan gwamnatin da ke kisan yana zaune a ƙaramin ɗakin nan yana jin duk abin da ake faɗa, ya san babu mai zuwa.

A watan Mayu shugabanci ya faɗo kan Gambari. A ƙarƙashinsa aka zartar da ƙuduri mai lamba 918 ranar 17 ga wata, wanda ya amince da sojoji 5,500. Ƙasashen Afirka sun yi tayin sojoji, amma ba su da motocin sulke da jiragen da za su kwashe su, masu kayan kuma suka tsaya cinikin kuɗin haya. Kafin rundunar ta haɗu, RPF ta kama Kigali a farkon Yuli, an riga an kashe mutum kimanin 800,000. Da Faransa ta nemi izinin shiga da sojojinta a Yuni, Najeriya tana cikin ƙasashe 5 da suka ƙaurace wa ƙuri'a. Bayan shekara 10 Gambari ya rubuta babi a kan Ruwanda ta mahangar ɗan Afirka, a cikin wani kundi a kan Kwamitin Sulhu da David Malone ya tace, wanda ya fito a 2004.

Shekarar da ta biyo baya ta bar masa tabo. Ranar 10 ga Nuwamba, 1995, gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni 8. Duniya ta yi ca, aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuma Gambari ne ya tsaya a zauren Majalisa yana kare gwamnatinsa. Aikin jakada ke nan, amma mutanen Neja Delta sun riƙe abin a rai.

Angola da sharaɗin afuwa

A ƙarshen 1999 babban sakataren Majalisa, Kofi Annan, ya naɗa shi mai ba shi shawara na musamman a kan Afirka. Babban aikinsa na farko Angola ne, inda ake yaƙi tun 1975 tsakanin gwamnatin MPLA da 'yan tawayen UNITA na Jonas Savimbi. Sulhu biyu sun riga sun rushe: na Bicesse a 1991, wanda ya watse da Savimbi ya ƙi amincewa da zaɓen 1992, da na Lusaka a 1994, wanda mai shiga tsakaninsa, Alioune Blondin Beye na Mali, ya rasu a haɗarin jirgi a 1998 yana fafutikar ceto shi.

Abin da ya kawo ƙarshen yaƙin harsashi ne. Sojojin gwamnati sun kashe Savimbi ranar 22 ga Fabrairu, 2002. Cikin 'yan makonni hafsoshin ɓangarorin biyu suka zauna a garin Luena su kaɗai, ba wani baƙo a tsakani, suka daidaita. Aka sa hannu a Luanda ranar 4 ga Afrilu, Gambari yana shaida a madadin Majalisa. Sai dai takardar ta zo da afuwa ga duk laifin da aka aikata a lokacin yaƙi, shi kuwa ya bayyana sharaɗi cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta amince da afuwa ga kisan ƙare dangi, da laifukan yaƙi, da cin zarafin bil'adama ba. Irin wannan sharaɗi wakilin Majalisa ya gindaya a yarjejeniyar Saliyo ta Lome a 1999. Masu bindiga ba sa ajiye ta sai an ba su tabbacin ba za a kama su ba, waɗanda aka kashe wa iyaye kuma ba a tambaye su ba kafin a yafe a madadinsu. Sharaɗin bai kai kowa kotu a Angola ba, amma ya hana a ce Majalisa ta sa albarka.

Daga Satumbar 2002 zuwa Fabrairun 2003 ya shugabanci ofishin Majalisa a ƙasar, ya jagoranci hukumar haɗin gwiwa da ta ƙarasa sauran batutuwan Lusaka, aka ɗage wa UNITA takunkumi ta koma jam'iyyar siyasa. Wannan sulhu ya ɗore har yau. Gaskiyar magana ita ce ya ɗore ne saboda ɓangare ɗaya ya ci yaƙi, ɗayan kuma ya gaji.

Saifurus, Myanmar da gida

A 2005 ya zama shugaban sashen harkokin siyasa na Majalisa, ofishin da ke kula da manzanni da masu shiga tsakani. A zamaninsa, a 2006, aka kafa ƙaramin sashe na ƙwararru masu tallafa wa aikin sulhu. A shekarar kuma ya je tsibirin Saifurus, wanda ya rabu biyu tun 1974 tsakanin masu jin Girkanci da masu jin Turkanci. Ranar 8 ga Yuli ya haɗa shugabanninsu, Tassos Papadopoulos da Mehmet Ali Talat, suka amince a kafa kwamitoci da za su fara da matsalolin yau da kullum kafin a taɓo manya. Dabara ce sananniya a wannan sana'a, a fara da mai sauƙi don a saba zama tare. Kwamitocin ba su kama aiki ba sai 2008, bayan an canza shugaba a ɓangaren Girkawa.

Myanmar ce ta fi nuna iyakar ƙarfin manzo. Sojoji sun ƙi miƙa mulki bayan jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta ci zaɓen 1990, suka yi ta yi mata ɗaurin talala. A Mayun 2006 aka bar Gambari ya gan ta, bayan fiye da shekara biyu ba wani babban baƙo daga waje da ya sa ta a ido. A Satumbar 2007 limaman addinin Buddha suka fito zanga-zanga bayan an ƙara kuɗin mai, soja suka buɗe wuta. Duniya ta ɗauki zafi, sai ƙofofi suka buɗe: Gambari ya gana da shugaban mulkin soja, Janar Than Shwe, ya ga Suu Kyi sau biyu a ziyara ɗaya, gwamnati ta naɗa ministan da zai riƙa tattaunawa da ita. A Nuwamba ya karanta wa duniya saƙonta a Singafo.

Da ƙura ta lafa, sai ƙofofin suka rufe. Janar-janar ɗin sun san Sin da Rasha sun hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurin da ya shafe su a Janairun 2007, saboda haka babu sandar da ke bayan manzon. Su ke ba shi biza, su ke tsara masa wanda zai gani da inda zai kwana. Suka ƙi tayinsa na masu sa ido a ƙuri'ar raba gardama ta 2008. A Agustan shekarar Than Shwe bai gan shi ba, Suu Kyi ma ta ƙi fitowa. Jami'ai suka tsaya a ƙofar gidanta a Yangon suna kira da lasifika, ba a buɗe ba. 'Yan adawa sun zarge shi da barin soja suna wasa da shi don su nuna wa duniya ana tattaunawa. Masu kare shi suka ce manzon da ya yi fushi ya daina zuwa ya toshe kafar da ta rage. Sojojin sun saki Suu Kyi a Nuwambar 2010, a lokacin da suka ga dama, mako ɗaya bayan zaɓen da suka shirya.

A tsakiyar wannan ne, a 2008, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zaɓe shi ya jagoranci shirya taron ƙoli a kan rikicin Neja Delta. Shugabannin yankin da tsageru suka ce atafau ba su yarda da wanda ya kare rataye Saro-Wiwa ba. A Yuli ya janye. Gwamnati ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Ledum Mitee, wanda aka gurfanar tare da Saro-Wiwa a 1995 aka sallame shi, kuma a Yunin 2009 'Yar'aduwa ya yi shelar afuwa ga tsagerun. Ƙwarewar da ta kai Gambari Luanda da Yangon ba ta yi masa rana a gida ba, tunda ɓangare ɗaya bai yarda da shi ba.

Darfur

Ranar 1 ga Janairu, 2010, ya karɓi shugabancin UNAMID, rundunar haɗin gwiwa ta Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya a Darfur, wadda aka amince mata da sojoji da 'yan sanda kimanin 26,000. Darfur ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Hausawa. Ta Al-Junaina da Al-Fashir alhazan ƙafa suka riƙa bi zuwa Makka, da yawa suka yada zango a Sudan har jikoki. Kwamandan sojojin da Gambari ya tarar, Janar Patrick Nyamvumba, ɗan Ruwanda ne, ya gaji Janar Martin Luther Agwai na Najeriya.

Ya tarar da sulhun da ya riga ya lalace. An yi kusan shekara biyu ana zama a Abuja ƙarƙashin Tarayyar Afirka, daga baya manyan ƙasashe suka ƙosa, suka sa wa'adi, suka turo manyan jami'ansu su matsa lamba. Ranar 5 ga Mayu, 2006, gwamnatin Sudan ta sa hannu tare da madugun tawaye ɗaya, Minni Minnawi. Abdul Wahid al-Nur da Khalil Ibrahim na ƙungiyar JEM suka ƙi. Maimakon wuta ta mutu, sai ƙungiyoyin suka dare gida-gida, waɗanda suka sa hannu suka koma faɗa da waɗanda suka ƙi. A Satumbar 2007 aka kai wa sansanin sojojin Tarayyar Afirka hari a Haskanita, aka kashe aƙalla 10, 7 daga ciki 'yan Najeriya.

Manomi a Makera ko Kurfi ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan matsala. A Satumbar 2019 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya bi ƙananan hukumomin da ke bakin daji ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka yi musayar waɗanda ke tsare, hanyoyi suka ɗan lafa. Kafin shekara ta zagayo gwamnan da kansa ya ce an ci amana. Daba ba ɗaya ba ce, wanda ya yi rantsuwa ba shi da iko a kan wanda bai zo ba, kuma babu wani na uku da zai tsaya ya tabbatar an cika alkawari.

A Darfur akwai na ukun, amma hannunsa a ɗaure yake. Gwamnatin Omar al-Bashir, wanda kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama shi a Maris 2009, ita ke ba rundunar izinin tashin jirgi, da bizar ma'aikata, da fitar da kaya daga tashar ruwa. A tsakiyar 2010 rikici ya ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Kalma, kusa da Nyala, tsakanin masu goyon bayan sabuwar tattaunawar sulhu da ake yi a Doha da masu adawa da ita. Mutum 6, shugabannin al'umma 5 da mace ɗaya, suka gudu ofishin 'yan sandan UNAMID suka nemi mafaka. Gwamnati ta ce a miƙo su, ta hana masu agaji shiga sansanin. In ya miƙa su, 'yan gudun hijira sun daina yarda da rundunar ke nan. In ya ƙi, gwamnati na iya shaƙe aikin gaba ɗaya. Aka shafe watanni ana ja-in-ja a kan sharuɗɗan shari'ar da za a yi musu, mutanen suna zaune a harabar rundunar. Yawancin aikin mai shiga tsakani irin wannan ne, ba bikin sa hannu ba.

Tattaunawar Doha tana hannun Djibril Bassolé na Burkina Faso da gwamnatin Katar. Da Bassolé ya koma gida a 2011, aka ɗora wa Gambari riƙon aikin. Ranar 14 ga Yuli, 2011, aka sa hannu a kan takardar Doha tsakanin gwamnati da ƙungiyar LJM ta Tijani Sese, wadda gamayya ce ta ƙananan ƙungiyoyi. Manyan masu bindiga sun sake ƙaurace wa. Takardar ta fi ta Abuja faɗi, ta tanadi hukumar yanki da diyya da kuɗin sake gina ƙasa, amma ciwon bai canza ba. A Janairun 2012 kuma aka ɗauki hoton Gambari yana gaisawa da al-Bashir a Khartoum, wurin bikin auren Shugaba Idriss Déby na Chadi da 'yar Musa Hilal, wanda ake zargi da jagorancin mayaƙan Janjawid. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka kai ƙorafi ga babban sakataren Majalisa na lokacin. Ya bar aikin a ƙarshen Yulin 2012, mataimakiyarsa Aïchatou Mindaoudou, tsohuwar ministar harkokin wajen Nijar, ta riƙe. An rufe UNAMID a ƙarshen 2020, kuma tun Afrilun 2023 Darfur ta sake komawa fagen yaƙi.

Bayan ya bar Majalisa ya koma cibiyar Savannah da ya kafa a Abuja, mai nazarin jakadanci da dimokuraɗiyya da ci gaba. Shi da tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka Madeleine Albright, wadda ita ce jakadiyar Amurka a Kwamitin Sulhu a ranakun Ruwanda, suka shugabanci wata hukuma da ta fitar da rahoto a 2015 a kan gyaran tsarin tafiyar da duniya, har da faɗaɗa kwamitin da rage amfani da kujerar na-ƙi. A 2017 ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta tura shi Zambiya don sasanta Shugaba Edgar Lungu da madugun adawa Hakainde Hichilema. A Mayun 2020, bayan rasuwar Malam Abba Kyari, Shugaba Buhari ya naɗa shi ya gaje shi a matsayin shugaban ma'aikatan fadar gwamnati, ya riƙe muƙamin har ƙarshen wa'adin gwamnatin a Mayun 2023.